Abincin da ke riƙe ciki ya taimaka wajen rage ƙiba: amsa ga wata 'yar'uwa daga Mabera

Tambaya: Wata baiwar Allah mai sana'ar ɗinki a Mabera, uwar 'ya'ya huɗu, ta ce tun haihuwarta ta uku jikinta ke ta ƙaruwa. Yanzu nauyinta ya kai kilo 92, gwiwoyi sun fara ciwo, likita kuma ya ce jininta ya fara hawa. Ta gwada barin karin kumallo, ta sha shayin rage tumbi, ta sha ruwan ɗumi da lemon tsami, amma kafin la'asar sai yunwa ta kama ta har hannu na rawa, ta ci fiye da yadda ta saba. Tana son sanin ko akwai abincin da ke kashe yunwa ya rage ƙiba, wanda ake samu a nan Sakkwato, ba sai mai hali ba.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a. Akwai shi, kuma mafi yawansa yana cikin ɗakin girkinki ko a bakin ƙofarki wurin masu talla. Sai dai in fara raba ki da wani zato guda: babu abincin da ke narkar da kitse. Lemon tsami ba ya yi, citta ba ta yi, ruwan ɗumi ba ya yi. Abin da abinci mai kyau ke yi shi ne ya riƙe miki ciki tsawon lokaci, ta yadda jimillar abin da kike ci a yini za ta ragu ba tare da kin wahala ba. Idan abin da ke shiga ya gaza abin da jiki ke ƙonawa, sai jikin ya waiwayi kitsen da ya ajiye ya fara ɗiba.

Ina kuma son ki daina zargin kanki da rashin haƙuri. Na zauna da mata da yawa a asibiti masu irin wannan kukan, kusan dukkansu sun zo suna ganin laifin kansu. Yunwa aikin jiki ce. Tumbi yana fitar da wani sinadari da ake kira girelin, wanda masana a Japan suka gano a shekarar 1999. Idan ciki ya zama wayam sai ya ƙaru a cikin jini, ya je ƙwaƙwalwa ya ce a nemo abinci. Idan aka ci, abubuwa biyu ne ke kwantar da shi: buɗewar tumbi saboda yawan abin da ya shiga, da kuma wasu sinadarai da hanji ke saki idan abinci ya iso gare shi. Allurar rage ƙiba ɗin nan da ake ta magana a kanta, irin su Ozempic da Wegovy, kwaikwayon ɗaya daga cikin sinadaran hanjin nan take yi. Saƙon ƙoshi kuma ba nan take yake isa ba, yana ɗaukar kimanin minti 20. Wadda ta share kwano cikin minti biyar ta riga saƙon, shi ya sa take ƙari, sai daga baya ta ji ciki ya yi nauyi.

To abincin da ke riƙe ciki yana da siffofi uku. Yana da yawa a ido da ciki amma ƙarfin da ke cikinsa kaɗan ne, saboda ruwa ya yi masa yawa. Yana da sinadarin gina jiki, wato furotin. Yana kuma da dusa-dusar nan da ciki ba ya iya narkarwa da wuri, irin ta ganye da ɓawon wake da hatsin da ba a surfe shi ƙal ba. A 1995 wata masaniya mai suna Susanna Holt da abokan aikinta a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun gwada abinci iri 38. Kowane iri aka ba mutane daidai kalori 240 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), aka riƙa tambayarsu yadda suke jin ƙoshi har tsawon awa biyu. Dafaffen dankalin Turawa ne ya zo na ɗaya, ya ninka farin burodi fiye da sau uku. Kifi, lemon zaƙi, nama, wake da ƙwai duk sun wuce burodi. Waɗanda suka zo ƙarshe su ne kek da donot da danginsu, wato fulawa da mai da sukari a haɗe. Ki lura, dankalin dafaffe ne. Da aka soya shi sai ya faɗo ƙasa sosai. Ke nan yadda aka sarrafa abinci yana da nauyi daidai da shi kansa abincin.

Idan za a ce in zaɓa miki abu guda a kasuwar Sakkwato, wake zan ɗauka. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, ga dusa-dusa a ɓawonsa, ga shi ba ya ɗaga sukarin jini da sauri. Duk siffofin nan uku sun haɗu a cikinsa. Matsalarmu ita ce yadda muke cin sa. Shinkafa da wake a gidajenmu, shinkafa ce gwangwani huɗu, wake rabin gwangwani, sai an tona kafin a gan shi, sannan a malala mai a kai. Ki juya lissafin a naki kwanon: wake ya zama rabi ko fiye. Alale ya fi ƙosai, domin gari ɗaya ne amma ɗaya turara shi aka yi, ɗaya kuma ya yi wanka a cikin mai. Ɗanwake ya danganta da haɗin. Wanda fulawa ko garin rogo ya rinjaya ba ya cikin wannan lissafi, kuma man da ake zuba masa shi ne babban abin dubawa. Faten wake da alayyafo ko tamakka, wato zogale, da ɗan kifi busasshe, ban san abincin rana da ya fi shi riƙe mace mai aiki ba.

Na san za ki ce wake na kumbura ciki. Gaskiya ne, musamman ga wadda ba ta saba ba. Ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan, ki dafa da sabon ruwa har ya yi laushi sosai, ki fara da kaɗan. Cikin mako biyu zuwa uku hanji kan saba. Kwaruru dafaffe ma haka yake, idan lokacinsa ya yi kada ki raina shi. Awara tana da kyau ƙwarai, sai dai maimakon suya ki yanka ta cikin miya ko ki yi mata romo da attarugu da albasa. Ƙwai guda yana da furotin kimanin giram 6, kalori kuma bai kai 80 ba. Dafaffen ƙwai biyu da safe sun fi rabin burodi amfani nesa ba kusa ba. Kifin da ake kawowa daga Gulbin Rima da dam ɗin Goronyo, ɗanye ko banda, a yi farfesunsa. Nama ma ba a hana ba: balangu ko tsire, a ce wa mahauci ya cire kitsen. Kilishi dai ki yi hankali da shi saboda gishiri da magi, tunda jininki ya fara hawa.

Yanzu ga maganar da na fi so ki riƙe, maganar fura. Mu Sakkwatawa ba a raba mu da fura, ni kuma ba zan ce ki bar ta ba. Gero ne da nono, hatsi mai kyau da furotin, kakanninmu da ita suka yi noma yini guda. Amma su a wurinsu fura ita ce abincin ranar, ba abin kora abinci ba. Yau sai a ci tuwo ko shinkafa a ƙoshi, sannan a dama dawo biyu da kindirmo, a zuba sukari ludayi guda, a sa ƙanƙara, a sha a kwanta. Wannan abinci biyu ne a zama ɗaya. Idan za ki sha fura, ki ɗauke ta a matsayin abincin wannan lokacin gaba ɗaya: dawo guda matsakaici, nono ya fi yawa, tsala idan an samu tunda an cire masa mai, babu sukari ko kuma ƙaramin cokali ɗaya. Ki bar ta da ɗan kauri da gudaji-gudaji, ki sha da ludayi a hankali. Wadda aka markaɗa a inji ta yi sumul tana wucewa maƙogwaro kafin jiki ya farga. Mata da yawa da na gani, gyaran furar dare kaɗai ya sa ma'auni ya fara motsi.

Ganye kuma shi ne mai cika ciki a farashi mai sauƙi. Kwaɗon tamakka, na rama, na tafasa, duk abincin rage ƙiba ne tun kafin a san sunan abin. Sharaɗin dai kada ƙuli-ƙuli ya fi ganyen yawa, a bar sukarin da wasu ke barbaɗawa, mai kuma ya tsaya a cokali ɗaya. Dabarar ita ce ki ci kwaɗon kafin babban abinci, kwano guda, ki sha ruwa, sannan ki fuskanci tuwo. Za ki ga malmalar da kike cinyewa da can ta gagare ki. Miyar kuka da ta kuɓewa, yauƙin nan nasu wani nau'in dusa ne mai narkewa a ruwa, yana rage saurin fitar abinci daga tumbi. Miyar sure da taushe na kabushi su ma alheri ne. Ki yawaita miya, ki rage tuwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci ganye da kayan marmari aƙalla giram 400 a yini, kuma a lokacin rani da kayan fadama ke shigowa kasuwar Ramin Kura, kabeji da latas da karas da tumatir da albasa sukan yi araha. Yalo da kokwamba a ajiye kusa da keken ɗinki.

Tuwon kansa, na dawa da na gero sun fi na farar shinkafa da semo daɗewa a ciki, musamman idan ba a surfe hatsin har ya yi fari tas ba. Hoce da miyar sure ya fi burodi. Kudaku dafaffe ya fi soyayye. Amma kowanne ne, gwargwado shi ne dunƙulen hannunki guda, ko ɗaya da rabi ranar da kika yi aikin ƙarfi. Tuwon dawa malmala uku bai zama maganin ƙiba ba don kawai na dawa ne.

Mai shi ne ɓarawon da ba a ganin shigarsa. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, alhali na hatsi ko furotin 4 ne. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja ko man shanu kimanin kalori 120 ne, abin da sai kin yi tafiyar minti 20 zuwa 30 kafin ki ƙona shi, ga shi kuma bai cika ko lungu ɗaya na tumbi ba. Ki daina tuttulawa daga galan, ki riƙa aunawa da cokali. Gyaɗa tana riƙe ciki sosai, amma giram 100 nata ya haura kalori 550, saboda haka cikin tafin hannu ɗaya ya isa, kuma mai ɓawo ta fi, domin ɓarewa na rage sauri.

Sai abin sha, wanda a garinmu ya fi ko'ina muhimmanci. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, mutum yana neman sanyi ko ta halin ƙaƙa. Sobo mai sanyi, kunun zaƙi, kunun aya, lemon kwalba, duk ana shan su ne don ƙishi, ba wanda ke lissafa su a cikin abinci. Lemon roba mai santilita 50 yana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12. Wannan kuwa shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa babba a yini guda, har ta ce in ya tsaya a rabin haka ya fi. Abin takaicin shi ne sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna. Ki sha roba biyu, anjima ki ci abincinki cif kamar ba ki sha komai ba. Sobon gida da citta da kanumfari, ba sukari ko da ɗan kaɗan, ba laifi. Ruwan randa ya fi duka. Ruwa kofi biyu kafin cin abinci na taimakawa, kuma sau da yawa abin da kike ɗauka yunwa ce da rana tsaka ƙishi ne. Shayin safe da madarar gwangwani da sukari cokali uku da burodi, shi ne irin karin kumallon da ke dawo da yunwa kafin ƙarfe 11.

Kayan marmari a tauna su, kada a matse. Lemon zaƙi a ci har da totuwarsa, gwaiba, kankana, gwanda. Mangwaro guda ɗaya ko biyu, ba roba guda ba idan ya faɗo. Dabino uku sun isa. Idan baki ne kawai ke neman abin motsawa a bakin aiki, goruba ta fi cincin, za ki daɗe kina gwigwiya ba ki ci abin kirki ba.

Na ambaci cincin, bari in faɗi dalili. A 2019 wani masani mai suna Kevin Hall a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya kwantar da mutum 20 na tsawon wata guda. Mako biyu ana ba su abincin kamfani, mako biyu ana ba su abincin da aka girka daga ɗanyen kaya, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin kamfani, wato irin su biskit da kek da ake sarrafawa a masana'anta, sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kowace rana ba tare da sun yi niyya ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren suka rage kusan kilo ɗaya. Biskit, taliyar yara, kek, alawa, duk suna da laushi, suna wucewa da sauri, saƙon ƙoshi ba ya cim musu. Ragowar na yara da uwa ke ƙarasawa don kada a zubar, shi ma yana cikin lissafi.

Shayin rage tumbi, don Allah ki ajiye shi. Da yawansu ganyen sa zawo ne dangin filasko, ko abin sa fitsari. Ruwa ne ke fita, ma'auni ya nuna kin ragu, kwana biyu ya dawo, hanji kuma ya saba sai da shi. Mafi muni, an sha kama irin waɗannan kayan a ƙasashe daban-daban an cusa musu wani magani mai suna sibutiramin, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai hawan jini ba ta da haɗi da wannan. Goro da kofi suna danne yunwa na ɗan lokaci, amma suna sa bugun zuciya ya ƙaru, suna hana barci, kuma yunwar na nan tana jira.

Barin karin kumallo akwai waɗanda yake yi wa daidai, amma ke jikinki ya riga ya ba ki amsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ga yadda zan so yininki ya kasance: da safe dafaffen ƙwai biyu ko alale, da koko ko kunun gyaɗa kofi ɗaya ba sukari sosai. Da hantsi idan ciki ya motsa, yalo ko gwaiba da ruwa. Da rana kwaɗo tukuna, sannan wake da 'yar shinkafa ko faten wake. Da la'asar, lokacin da yunwa ta saba kayar da ke, ki riga ta da kofin nono ko gyaɗa cikin hannu. Da dare tuwo dunƙule ɗaya da miya mai yawa, ko fura, ɗaya daga ciki, kuma a ci tsakanin magariba da isha'i. Ki zuba naki a kwanonki daban. Wadda ke ci a faranti ɗaya da yara ba ta san iya abin da ta ci ba. Ma'aunin da ya zo a hadisi, kashi ɗaya na ciki don abinci, ɗaya don abin sha, ɗaya don numfashi, ya fi sauƙin kiyayewa idan abin da ke kashin farkon mai riƙe ciki ne. Da azumi ma haka: sahur da wake ko ƙwai ko fura marar sukari, buɗa baki da dabino da ruwa, a yi salla, sannan a ci, a rage soye-soye.

Barci ma yana da hannu. An gwada a Jami'ar Shikago a 2004, aka taƙaita wa samari barci zuwa awa huɗu na dare biyu, sai sinadarin yunwar nan ya tashi, sha'awar kayan zaƙi ta ƙaru. Na san telolin garin nan ba sa barci idan salla ta gabato. A irin wannan lokaci ki tanadi abin taunawa mai kyau tun da wuri.

Kada ki sa ran komawa jikin 'yanmatanci cikin wata biyu. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato a wurinki kilo 5 zuwa 9, ya isa ya sauƙaƙa hawan jini da ciwon gwiwa. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002 ya nuna masu haɗarin ciwon sukari da aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar a mako. Bayan sallar asuba kafin rana ta yi, ko a tsakar gida ne, ki zagaya. Tunda sana'arki ta zama ce, duk awa guda ki miƙe ki ɗan taka. Tef ɗin awo kuma yana hannunki: ki auna ƙugunki daidai cibiya sau ɗaya a wata, yakan nuna canji kafin ma'auni ya nuna.

Za ki ji magana, wannan kam ki shirya. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, har wasu na shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don su yi jiki, abin da ke jawo musu ciwon sukari da hawan jini. Idan kika fara raguwa za a ce ko lafiya, ko maigida ya gaza. Ki sanar da shi da uwar miji tun farko cewa likita ne ya ce, don su zama masu taya ki.

Kafin ki fara, ki je a auna miki sukari, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibitin ƙwararru ko wanda ya fi kusa da ke. Rawar hannun nan da yawan yunwa na so a duba su, balle idan akwai yawan ƙishi da fitsarin dare. Ki faɗa wa likita duk maganin da kike sha, domin allurar tazarar haihuwa da wasu magungunan ciwon gaɓɓai suna ƙara cin abinci, kuma kada ki tsayar da kowanne da kanki. Idan kina da ciki, wannan ba lokacin rage nauyi ba ne. Idan kina shayarwa, ki cire sukari da soye-soye amma kada ki matse abinci. Mai gyambon ciki kuma ta guji lemon tsami da citta a kan cikin da ba komai. Ranar da za ki je, ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki na kwana uku, har da sobo da ɗanɗanon miya da ragowar yara, ki tafi da takardar wurin masu ba da shawarar abinci a asibitin.